Kwana a Tudu ko Kwana a Ruwa a Tsibiran Galapagos

Duk wanda ya ƙudurta zuwa tsibiran Galapagos, tun kafin ya yanki tikitin jirgin sama akwai tambayar da za ta tsare shi, wato a ina zai kwana. Hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya shiga ɗaya daga cikin jiragen ruwan da ke zagaya tsibiran, ya ci a ciki ya kwana a ciki, a sauke shi bakin gaɓa da safe a kwashe shi kafin rana ta faɗi, ko kuma ya kama ɗaki a otel a ɗaya daga cikin garuruwan wurin, ya riƙa fita da ƙananan jirage yana dawowa da yamma. Galibin masu ba matafiya shawara suna ɗaukar zancen a matsayin na aljihu da jin daɗi kawai: wanne ya fi araha, wanne ya fi sauƙi ga wanda teku ke sa wa jiri. Wasu kuma sun ƙara da nasu hukunci, cewa jirgin ruwa na attajirai ne masu ɓarna, ƙaramin otel kuwa na mai tausayin muhalli ne da talakan gari. A ganina wannan hukuncin kallon kitse ne ake yi wa rogo. Gadon da ke cikin jirgi hukuma ta ƙidaya shi, ta yi masa iyaka, ta kuma tsara inda mai shi zai taka. Baƙin da ke sauka a tudu kuwa babu wani adadin da aka ce in sun kai shi a rufe ƙofa. Wannan bambanci ya fi kowane abu tasiri a kan dabbobin da mutum ya ratsa rabin duniya don ya gani, kuma shi ya kamata ya zama ma'aunin zaɓen masauki.

Sai an san yanayin wurin kafin a gane dalili. Tsibiran suna cikin tekun Pasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar Ekwado, ƙasar da ta mallake su tun 1832. Duwatsu masu aman wuta ne suka ɓullo da su daga ƙarƙashin teku, kuma har yanzu aikin bai ƙare ba: dutsen Sierra Negra na tsibirin Isabela ya yi aman wuta a 2005 da 2018, dutsen Wolf a 2015 da 2022, dutsen La Cumbre na Fernandina kuwa ya sake yi a 2024. Tsibiran ba su taɓa haɗuwa da wata nahiya ba, don haka duk abin da ke raye a cikinsu iska ce ko igiyar ruwa ko fiffike ya kawo kakanninsa, ya kuma rayu tsawon zamani ba tare da kyanwa ko akuya ba. Shi ya sa manyan kunkurai da ƙadangarun da ke kiwo a cikin teku da tsuntsayen wurin ba su san gudun mutum ba, abin da ya ɗaure wa Charles Darwin kai lokacin da ya yi mako biyar a can a 1835. A 1959 Ekwado ta mayar da kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran gandun da aka killace. Ragowar kashi 3 su ne garuruwa da gonaki: Puerto Ayora a Santa Cruz, Puerto Baquerizo Moreno a San Cristobal, Puerto Villamil a Isabela, da wani ɗan ƙauye a Floreana. Duk otel ɗin da ke Galapagos a cikin wannan ɗan yankin yake, a kan ƙasa mai dutse da ruwan sama ke zurarewa cikin tsagunta. Tafki ɗaya tak na ruwan daɗi da ba ya ƙafewa ke akwai a tsibiran baki ɗaya, El Junco da ke tudun San Cristobal. A Puerto Ayora, gari mafi girma, ruwan da ake zuƙowa daga tsagun dutse mai zartsi ne.

Tsarin jiragen ruwa an gina shi ne bisa sanin wannan rauni. Kowane jirgi sai da izinin hukumar gandun, kuma izinin yana ɗauke da yawan fasinjojin da zai ɗauka. Mafi girmansu ba ya wuce mutum 100, da yawa kuma 16 suke ɗauka. Ba a sauka a wurin ziyara sai da ja-gora mai lasisi, shi kuma ba ya jan fiye da mutum 16, a kan hanyar da aka yi wa alama, tare da barin tazarar mita 2 tsakanin mutum da dabba. Tun 2012 aka sauya jadawalin zagayen yadda jirgi ba zai koma wuri ɗaya sau biyu cikin mako biyu ba, domin a rage wa fitattun wurare cunkoso. Sakamakon ya fito a alƙaluma. Tsakanin 2007 da 2016 yawan masu kwana a jirgi bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu, yana tsakanin dubu 70 da dubu 80 da ɗoriya a shekara. A daidai wannan lokacin masu kwana a tudu sun tashi daga kusan dubu 80 zuwa sama da dubu 150, wuraren saukar baƙi kuma suka tashi daga 'yan gomomi zuwa sama da 300. Jimillar baƙi, wadda ba ta kai dubu 70 ba a shekarar 2000, ta kusa dubu 330 a 2023. Kusan duk wannan ƙarin ta tudu ya shigo.

Za a iya cewa to mene ne laifi, ai mai kwana a otel a cikin gari yake, ba a kan sheƙar tsuntsu ba. A nan ne nake ganin aka fi yin kuskure. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma ɗakin da aka gina masa ba ya bushewa da hantsi. Ɗakin yana buƙatar bulo da siminti da katako, yana buƙatar mai shara da mai dafa abinci da direban tasi, su kuma suna da iyali da ke buƙatar gida da makaranta da asibiti. Mazauna tsibiran kimanin dubu 4 ne a tsakiyar shekarun 1970, ƙidayar 2022 kuwa ta samu sama da dubu 28, duk da dokar musamman ta 1998 da ta taƙaita ƙaura zuwa can. Yawancin abin da waɗannan mutane da baƙinsu ke ci da sha da ƙonawa jiragen dakon kaya ne ke kawo shi daga tashar Guayaquil da ke gaɓar Ekwado, kuma kowace kwantena, kowane buhun albasa, kowane kwalin kayan lambu hanya ce ga iri ko ƙwaro ko tururuwa. An lissafa nau'o'in halittu sama da 1,500 da mutum ya shigo da su tsibiran, da gangan ko bisa kuskure. Gwaiba da wata ƙayar daji mai 'ya'ya sun mamaye tuddan Santa Cruz suna shaƙe itatuwan asali. Wani ƙuda da masana ke kira Philornis downsi yana saka ƙwai a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye da ake dangantawa da Darwin, tsutsarsa ta fito da dare ta tsotse jinin 'yan tsaki har su mutu. Ɗaya daga cikin tsuntsayen da ƙudan ya fi yi wa illa, wanda ke zaune a kurmin bakin ruwa na arewa maso yammacin Isabela, saura kimanin ɗari suka rage a duniya, alhali wurin zamansu yana nesa da kowane gari. Abin da ya shigo ta tashar jirgi ba ya tsayawa a tashar. Fitar da shi kuma aiki ne mai cin kuɗi da shekaru: kawar da awaki sama da dubu 140 daga arewacin Isabela da Santiago da Pinta ya ɗauki daga 1997 zuwa 2006, har da harbi daga jirage masu saukar ungulu. Akuya ma ana ganinta daga sama. Ƙuda fa?

Ga kuma abin da ke fita bayan wanda ke shiga. A garin da ƙasarsa dutse ne mai tsaga, ruwan masai da na wanka da ke gangarawa rami yana samun hanyarsa zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa da kuma gaɓar teku, kuma gurɓatar ruwan Puerto Ayora tsohuwar matsala ce da hukumomi da masu bincike suka daɗe da sani. Shara ma sai an sama mata wuri a tsibirin da ba shi da fili, ko a mayar da ita nahiya. Ba abin mamaki ba ne da hukumar UNESCO, wadda ta sa Galapagos cikin rukunin farko na wuraren gadon duniya a 1978, ta mayar da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari daga 2007 zuwa 2010, tana kafa hujja da baƙin halittu da bunƙasar yawon buɗe ido da kwararar jama'a.

Masu sukar jiragen ruwa suna da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Jirgi yana ƙona man dizal dare da rana, yana jefa ƙugiya a ƙasan teku, fitilunsa suna jan ƙwari daga wannan tsibiri zuwa wancan, kuma abincin fasinjojinsa shi ma daga nahiya ake kawo mafi yawansa. Babbar hujjarsu ita ce Jessica, tankar da ta kafe a bakin San Cristobal a watan Janairun 2001 ta zubar da ɗaruruwan tan na mai, wanda wani ɓangarensa an ɗebo shi ne domin wani jirgin masu yawon buɗe ido. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sama da rabin ƙadangarun teku na tsibirin Santa Fe sun mutu cikin shekara guda. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Sai dai tankar tana kuma ɗauke da dizal ɗin da tsibiran ke amfani da shi, kuma har yau wani babban kaso na wutar da ke kunna na'urar sanyaya ɗakin otel daga janareta take fitowa. Mai kwana a tudu ma ba ya rabuwa da inji: zirga-zirga tsakanin Santa Cruz da San Cristobal ko Isabela tafiyar kusan awa biyu ce a jirgi mai gudu da manyan injuna, ga fitar kowace rana zuwa wurin kallo da dawowa. Ban ce jirgin kwana tsarkakakke ne ba. Abin da na ce shi ne ɓarnarsa tana da rufi, domin yawansa yana da rufi, kuma ana iya matsa wa mai izini lamba da barazanar ƙwace izinin. Ɓarnar da ke ƙaruwa kowace shekara ita ce wadda ba a san ranar tsayawarta ba.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta kuɗi. Manyan jirage da yawa na kamfanonin biranen Quito da Guayaquil na Ekwado ne ko na ƙasashen waje, baƙo yana biya tun yana gida, ya zo ya tafi bai sayi ko kofin shayi a hannun ɗan gari ba. Wanda ya san tarihin tsibiran ya san haɗarin hakan. A shekarun 1990, lokacin da aka yi rikici kan kamun wata halittar ƙasan teku da kasuwannin Asiya ke saye da tsada, masunta sun mamaye cibiyar bincike ta Darwin da ofishin gandun a farkon 1995, har da barazanar kashe kunkuran da ake reno. Mutumin da bai ga amfanin kunkuru a tukunyarsa ba, ba zai tsare kunkuru ba. Yawon buɗe ido na tudu ya sauya wannan lissafi, domin masunci da yawa sun mayar da jiragensu na kai baƙi kallo, matan gari sun buɗe wuraren cin abinci, kuɗi ya bazu cikin unguwanni. Na yarda da wannan gaba ɗaya, kuma shi ya sa ban ce a rufe otel-otel ba. Amma a lura da wanda rashin iyaka yake cuta da farko. Mai ƙaramin masauki da ya yi rajista, yake biyan haraji, ya kashe kuɗi wajen gyara ramin masansa, shi ne ke gogayya da ɗakunan da ake tallatawa ta intanet ba tare da rajista ba, sai farashi ya faɗi, kowa ya koma neman yawan kai maimakon riba mai kyau daga baƙi kaɗan. Gari ya cika, ruwa ya ƙara ƙaranci, kuɗin da kowane baƙo ke bari ya ragu. Annobar korona ta 2020, da ta tsayar da jirage ta bar garuruwan ba ciniki, ta nuna yadda tattalin arzikin da ya dogara kan yawan kai yake da rauni. Iyaka a kan gadaje kariya ce ga ɗan garin da ya riga ya mallaki gado. Sannan ba duk jirage ne na baƙin kamfanoni ba. Akwai ƙananan jirage masu mutum 16 na iyalan tsibiran, da ma'aikata da ja-gora 'yan wurin, kuma tambayar wa ya mallaki jirgi tambaya ce da kowane matafiyi zai iya yi wa dillalinsa kafin ya biya.

Saura maganar adalci. Kwana ɗaya a jirgi ɗaruruwan daloli ne, a wasu ma ya haura dubu, alhali ana samun ɗaki a Puerto Ayora da 'yan gomomi. In aka ce jirgi kawai, an ce Galapagos na masu hali ne, an kuma kori 'yan Ekwado kansu, waɗanda a shekarun bayan korona suka kai kusan rabin baƙin. Wannan ba zai yiwu ba, kuma bai dace ba. Don haka wanda aljihunsa bai kai jirgi ba, ya kwana a tudu, amma ya yi da hankalin da tsarin jirgi ya tilasta wa wasu. Ya kama ɗaki a masaukin da ke da rajistar hukumar yawon buɗe ido, ya tambaya ya ga shaida. Ya zaɓi tsibiri ɗaya ko biyu ya daɗe, maimakon ya tsallaka uku cikin kwana biyar yana ƙona mai don ya ce ya taka ko'ina. Santa Cruz ta fi yawan hanyoyi: daga nan ake fita zuwa tsibiran Seymour ta Arewa da Bartolome da Santa Fe a dawo a rana ɗaya, ana zuwa gaɓar Tortuga da ƙafa, ga kunkurai suna kiwo a gonakin tudu. Amma ita ce kuma ta fi cunkoso da matsalar ruwa. San Cristobal tana da filin jirginta dab da gari, tana da ruwan daɗi, dabbobin nan da ake kira zakunan teku suna kwance har kan bencin bakin tasha, daga nan kuma ake zuwa dutsen Leon Dormido da tsibirin Española, inda tsuntsun albatiros ke sheƙa daga Afrilu zuwa Disamba. Isabela ta fi natsuwa, titunanta rairayi ne, ana hawa bakin ramin Sierra Negra mai faɗin kusan kilomita 10, ana ganin tsuntsun fengwin a Tintoreras. Mako guda a ɗaya daga cikinsu, ana cin kifin masuntan wurin da kofi da ayabar gonakin tudu, ya fi barin kuɗi a gari da rage ɓarna bisa gudun fanfalaki tsakanin ukun.

Ya kuma kamata mai zaɓen tudu ya san abin da ya bari, don kada dillali ya ruɗe shi. Fernandina, tsibirin da ya fi kowanne tsira daga baƙin halittu, da yammacin Isabela inda wani tsuntsun ruwa da ba ya iya tashi yake, da Genovesa mai dubban tsuntsayen teku, ba a kai musu sai da jirgin kwana, domin sun yi nisan da ba a zuwa a dawo a yini. Tsibiran Darwin da Wolf na can arewa kuwa na masu nutso ne kawai, ba a ma sauka a kansu. Lokaci ma yana shiga lissafi: daga Yuni zuwa Nuwamba ruwa yana sanyi kuma teku tana tashi, abin da ke wahalar da mai ƙaramin jirgin gudu fiye da mai babban jirgi, daga Disamba zuwa Mayu kuma akwai zafi da ruwan sama amma teku ta fi kwanciya.

Duk da haka, kyakkyawar niyyar matafiyi ba ta isa ta maye gurbin doka, kuma a nan ne gwamnatin Ekwado take da sauran aiki. A watan Agustan 2024 ta ninka kuɗin shiga gandun ga baƙon waje daga dala 100 zuwa 200, karon farko tun ƙarshen shekarun 1990, na 'yan ƙasa kuma daga dala 6 zuwa 30. Kuɗin zai taimaka wa masu gadin gandun da hukumar tsaron halittu da aka kafa a 2012, wadda ke binciken kaya a filayen jirgi da tashoshi. Amma wanda ya riga ya biya kuɗin jirgin sama daga Turai ko Amurka zuwa Quito ko Guayaquil, sannan zuwa filin jirgin tsibirin Baltra a Galapagos, ƙarin dala 100 ba zai mayar da shi gida ba. Farashi yana tace talaka, ba ya tsayar da adadi. Kwamitin UNESCO ya sha kiran Ekwado ta tsayar da bunƙasar yawan baƙi, kuma kayan aikin yin hakan suna hannu, tunda kowane baƙo sai ya karɓi katin shiga kafin ya hau jirgi a nahiya, kuma filayen jirgi biyu ne kawai ke karɓar masu zuwa daga can. Abin da ake buƙata shi ne a ƙidaya gadajen tudu kamar yadda aka ƙidaya na ruwa, a ɗaure yawan kujerun jirgin sama da wannan adadi, a ware wa 'yan ƙasa kasonsu da farashin da za su iya, a kuma hana tallata duk ɗakin da ba shi da rajista.